Manya Sun Koma Kan Fensiran Kala: Yadda Ake Haɗa Kaya Ba Tare da Aljihu Ya Ji Jiki Ba

A shagon littattafai da kayan rubutu, Satumba watan cinkoso ne. Iyaye sun zo riƙe da takardar abin da makaranta ta ce a saya, yaran shago suna hawa tsani suna sauka, ana ɗaure littattafan rubutu dozin-dozin. Cikin wannan hayaniya wata mata, da gani daga ofis ta biyo, ta ce a ba ta fensiran kala. Mai shago ya miƙa hannu zai ɗauko ɗan kwalin da ake saya wa 'yan nazare, yana tambayar ajin da yaron yake. Ta ce ba na yaro ba ne, nata ne.

Nan take hannunsa ya sauya hanya. Ya nufi saman kanta ya sauko da wani faffaɗan gwangwani mai hawa uku, launi 120 jere reras. Kuɗin da ya faɗa ya isa cefanen gida na kwanaki.

Wannan shi ne tarkon da mai sabon shiga yake fara cin karo da shi: ko a ba shi na yara wanda ba ya kama takarda, ko a ɗora masa na ƙwararru wanda bai san yadda zai yi da rabinsa ba. Akwai hanya ta tsakiya, amma ba kasafai mai shago yake nuna ta ba, domin ribarsa ba a nan take ba.

Daga ina abin ya taso?

Littafin cika zane da launi ya daɗe a duniya, amma na yara aka san shi. Abin ya juya ne a 'yan shekarun nan. A 2012 kamfanin ɗab'i na Hachette a Faransa ya fitar da littafin zane-zane da ya tallata wa manya da sunan rage gajiyar zuciya. A 2013 wata mai zane 'yar Sikotland, Johanna Basford, ta fitar da nata mai suna Secret Garden, cike da ganyaye da furanni masu ƙananan lunguna da hannun yaro ba zai iya bi ba. Kafin 2015 ta ƙare, littafin ya hau saman jerin waɗanda aka fi saye a Amazon, an fassara shi zuwa harsuna da dama.

Alƙaluman kamfanin Nielsen, mai bibiyar cinikin littattafai, sun nuna cewa a Amurka kaɗai an sayar da irin waɗannan littattafai wajen miliyan 12 a 2015, alhali a shekarar da ta gabace ta ba su wuce miliyan 1 ba. Guguwar ta kai har masana'antun fensir suka kasa biyan buƙata. Faber-Castell, tsohon kamfanin Jamus da ke aiki tun 1761, sai da ya ƙara lokutan aiki a masana'antarsa a 2016.

Daga baya kasuwar ta lafa, kamar yadda duk wani yayi yake yi. Kullen korona na 2020 ya sake tayar da ita, tunda mutane suna gida suna neman abin da hannu zai yi. Mu nan, ta waya abin ya iso. Bidiyoyin TikTok da Instagram na hannu yana cika fure da launi a hankali sun ja hankalin 'yan jami'a, ma'aikatan jinya masu aikin dare, matan aure, da tsofaffin ma'aikata da ritaya ta bar musu yini guda ba abin yi. Yana da wata fa'ida da ta dace da mu ƙwarai: ba ya neman wutar lantarki, ba ya cin data.

Magani ne, ko ɗebe kewa?

Masu tallar littattafan sun fi jingina da wani bincike na 2005 da Nancy Curry da Tim Kasser suka yi a Amurka. Sun ɗauki ɗalibai 84, suka tayar musu da damuwa, sannan suka ba su minti 20 na shafa launi. Waɗanda aka ba zane mai tsari su cika, damuwarsu ta fi sauka a kan waɗanda aka ba farar takarda aka ce su yi abin da suka ga dama.

Bincike ne ƙarami, kuma na ɗan gajeren lokaci. Ƙungiyar masu jinya ta hanyar zane a Amurka ta fito ta ce cika littafi a gida abu ne mai kyau, amma ba shi ne jinyar da ake yi a gaban ƙwararre ba. Wannan gaskiya ce da ya kamata a riƙe. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci, likita yake buƙata. Wanda kawai yake son kansa ya huta daga hayaniyar yini da latse-latsen waya, fensir zai iya yi masa aiki.

Me ya sa kayan suka yi tsada haka?

Amsar a taƙaice ita ce kusan komai daga waje yake zuwa. A farkon 2016 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya yi alƙawarin cewa Nijeriya za ta fara ƙera fensir nata nan da 2018, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce. Har yanzu abin da ke kan kantoci na Sin ne da Indiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba na Turai. Takarda ma haka. Manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba, Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa ciyar da ƙasa.

Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Duk abin da ya sauka daga jirgin ruwa a Legas, ya bi ta Onica ko ya miƙe zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, sai da ya ɗauki wannan nauyi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan fi samun sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa tana ɗaure da yuro, kuma kayan kamfanonin Faransa irin su Maped da BIC sun saba da kantunansu.

Don haka shawarar da ake gani a bidiyoyin Turawa, inda mutum zai baje fensir 150 a kan tebur ya ce wannan na masu farawa ne, ba ta mu ba ce.

Fensir: a duba ciki, ba kwali ba

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ake saye. Zuciyar fensirin kala haɗin abu uku ce: garin launi, abin da ke riƙe shi (kaki ko mai), da ciko irin farar ƙasa mai laushi. Garin launin shi ne mai tsada. Kamfanin da ke son karya farashi sai ya rage shi ya cika farar ƙasa. Shi ya sa fensirin 'yan nazare yake fita dishi-dishi, sai ka danna har yatsa ya yi zafi, takarda ta kwarzane, launin bai fito ba. Mutane da yawa da suka gwada sau ɗaya suka watsar, suna cewa ba su da hannu, fensirinsu ne ba shi da launi.

A can ƙololuwa akwai irin su Polychromos na Faber-Castell mai launi 120, da Prismacolor na Amurka mai laushi kamar man shanu, da Caran d'Ache na Siwizalan. Wani ɓangare na kuɗinsu na juriyar haske ne, wato zanen ya shekara da shekaru a bango bai koɗe ba. Mai zanen sayarwa yana buƙatar haka. Wanda zai cika shafi ya rufe littafi ya ajiye a durowa, me zai yi da shi?

Abin da ya dace da aljihu yana tsakiya: jan kwalin Faber-Castell na 'yan makaranta, Staedtler, Maped, ko na Indiya irin su Doms da Camlin, ko na Sin irin su Deli da Marco. A cikinsu akwai mai kyau akwai na jabu, musamman masu kwaikwayon sunan manyan kamfanoni da sauya harafi guda.

Launi nawa? A ganina 24 ya isa, kuma 12 masu kyau sun fi 72 marasa kyau nesa ba kusa ba. Dalili kuwa fensirin kala ba fenti ba ne da ke rufe abin da ke ƙasa. Shara-shara yake. Idan ka shafa rawaya a hankali ka ɗora shuɗi a kai, kore zai fito. Ja a kan rawaya ya ba ka ruwan lemo, shuɗi a kan ja ya ba ka shunayya, ɗan ruwan ƙasa a gefen ganye ya yi maka inuwa. Mai launi 24 da ya iya ɗora wani a kan wani yana da ɗaruruwa a hannunsa. Babban gwangwani kuwa, idan ka duba da kyau, za ka ga shuɗi takwas da ido ba ya bambance biyar a cikinsu.

Kafin ka biya, nemi mai shago ya bar ka ka buɗe. Dubi gindin fensiran: idan zuciyar ba ta zauna a tsakiyar icen ba, ta karkata gefe, to duk fiƙewa sai ta karye. Mirgina ɗaya a kan gilashin kanta, ka gani ko a miƙe yake. Idan an yarda, gwada ja da baƙi a kan takarda ba tare da dannawa ba. Waɗannan biyu su ne ke tona asirin kwali. Kuma idan gwangwani ya lotsa a kusurwa, bar shi, domin faɗuwa tana karya zuciyar fensir daga ciki ko da icen bai nuna ba.

Takarda ce ake rainawa

Kowa yana tambayar fensir, ba mai tambayar takarda, alhali rabin kyan aikin nata ne. Ana auna kaurinta da giram. Wadda ake bugawa a shagunan fotokwafi yawanci giram 70 ce ko 80, an yi ta ne don tawadar inji. Santsi gare ta, ba ta da ƙaiƙayin da zai kankari launi daga bakin fensir. Bayan an shafa launi sau biyu ko uku a wuri ɗaya sai ta ƙi karɓa, ta fara sheƙi.

Giram 120 zuwa 160 ita ce daidai ga fensir. Wanda bai samu ba, ya sayi farin kwalin nan da 'yan makaranta ke rubuta jadawali a kai, ya sa a yanka masa daidai girman A4. Falle ɗaya yana ba da shafuka da yawa, kuma masu buga katin biki suna da injin yanka, sau da yawa ma suna da ragowar kwali da za su sayar a arha. A shafa da yatsa: ɓangaren da ba ya sheƙi shi ne na aiki.

Wurin bugawa ma akwai abin lura. Injin fotokwafi da firinta mai garin tona suna ƙona layin ne a jikin takarda, ruwa ba ya narkar da shi. Firinta mai tawadar ruwa kuwa, da alƙalamin maka mai ruwa ya taɓa layin sai baƙi ya malale cikin launinka.

Ƙananan kayan da ke cinye manya

Abin fiƙe fensir mara kyau ya fi kowa cin dukiya a wannan harka. Wuƙarsa idan ta dushe ba yanka take yi ba, murɗa take, sai zuciyar ta ɓalle, ka sake fiƙewa, ta sake ɓallewa, kafin ka ankara sabon fensir ya koma rabi. A sayi na ƙarfe, a sauya shi da zarar ɓawon icen ya daina fita a nannaɗe ya koma gutsi-gutsi. Tunda kakin fensirin kala yana manne wa wuƙar, a riƙa fiƙe fensirin rubutu a ciki lokaci-lokaci, yana wanke ta. Tsofaffin hannu reza suke so, kuma suna da hujja, amma gidan da ke da ƙananan yara a yi hattara.

Sai farin magogi mai laushi. Ba zai goge launi duka ba, amma yana rage shi. Sai tsohon buroshin kwalliya ko na fenti don share ɓurɓushi, domin idan ka share da tafin hannu ka ja layi a kan farin wuri. Sai katako mai santsi ko allon matse takarda da za a ɗora a cinya, ga wanda a kan tabarma ko gado yake zama.

Akwai wani fensir marar launi da ake sayarwa don haɗe launuka su yi sumul. Ba dole ba ne. Farin fensirin da ke cikin kwali, wanda kowa ke tunanin ba shi da amfani, wannan ne aikinsa. Wasu suna taɓa audugar goge kunne da ɗigon man jarirai su murza. Yana yi, sai dai yana ratsa siririyar takarda ya bar tabo a baya.

Maka da biro mai ƙyalli

Su ne suka fi ɗaukar ido a bidiyo, su ne kuma na ƙarshe da zan ce a saya. Maka iri biyu ce. Mai ruwa tana da arha, amma tana barin sawu, kuma idan aka maimaita wuri ɗaya takarda tana saɓulewa. Mai sinadarin barasa, irin Copic ta Japan ko Ohuhu mai sauƙin kuɗi, tana fita sumul, amma tana ratsa shafi har ta ɓata na baya. Littafin da aka buga gaba da baya, kamar na Basford, ba ya jure ta.

Ga kuma yanayinmu. Iskar hunturu da ke fasa leɓe da diddige ba ta ƙyale maka ba. Murfi ya ɗan saki kwana biyu, shi ke nan. Wadda ta shekara a shago cikin zafin Maris da Afrilu ma tana iya isowa hannunka a bushe. Fensir kuwa ba ya bushewa. Idan ana son ƙari a kansa, farin biro mai tawada mai kauri guda ɗaya, don ɗiga haske a kan fure ko ƙwayar ado, ya fi dozin ɗin maka amfani.

Zanen da za a cika

Littafin da aka shigo da shi daga waje shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan, kuma shi ne aka fi iya yi ba tare da shi ba. Tun 2016 ɗakin karatu na Akademiyar Likitanci ta New York ya fara wani shiri da ɗakunan karatu da gidajen tarihi na duniya ke sakin zane-zane kyauta daga tsofaffin littattafansu a kowane Fabrairu. Ana saukewa a waya a kai a buga. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauki littafin da wani ya sha wahalar zanawa a yi ta kwafarsa ana sayarwa.

Amma me ya kai mu nesa? Mutanen da suka gaji dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen hular Zanna Bukar, da sassaƙar ƙwarya, da adon bangon fadar Zazzau da na gidajen Birni a Damagaram, ba su rasa abin cikawa ba. Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka ita ma layi ne da gida-gida da ake cikewa da ja da kore da rawaya. Mai zanen lalle ko mai zana wa masu ɗinkin hula, idan ka ba shi baƙin biro da farin kwali ka biya shi, zai fitar maka da shafin da za ka kwafa sau goma ka gwada launi goma. Da rula da kamfas na akwatin lissafin 'yan sakandare ma mutum zai iya fitar da taurari masu kusurwa takwas da kansa. Da wuya ka ga littafin irin waɗannan zane-zane namu a kan kanta, kuma wannan giɓi ne da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da maɗaba'un Kano za su iya cikewa.

Wannan yana warware wata matsala da masu sayar da littattafan waje ba su san da ita ba. Da yawa daga cikin masu sha'awar suna ɗari-ɗari da zanen mutum ko dabba saboda hadisan da suka zo a kan masu sura. Malamai sun yi saɓani a kan zanen da ke kan takarda wanda ba shi da inuwa, amma bishiya da fure da zanen lissafi ba su cikin rigimar. An ruwaito cewa Ibn Abbas ya nuna wa wani mai sana'ar zane ya koma kan bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Wasu kuma suna guje wa zanen da'irar nan da ake kira mandala, tunda asalinsa daga ibadun Hindu da Buddha ne. Wanda ya zaɓi zanensa falle-falle ya huta da sayen littafin da zai tsallake rabinsa.

Masu ganin ɓata lokaci ne

Ba kowa ya yarda ba. Akwai mai cewa babba da gemunsa ko uwar 'ya'ya ta zauna tana wasan yara, ga aiki jibge. Akwai masu zane na gaske da ke ganin cika layin da wani ya ja ba fasaha ba ce, gara mutum ya koyi zana nasa. Akwai kuma hujjar da ta fi ƙarfi: a lokacin da mudun shinkafa ke gagarar gida, kuɗin fensir almubazzaranci ne.

Ta ƙarshen ba a musa ta. Wanda tukunyarsa ba ta hau ba, ba da shi ake ba. Amma ta farkon ba ta da ƙafa sosai. Kakanninmu mata da ke saƙa faifai da marfi da yamma, da maza masu ɗinkin hula a dakali suna hira, ba duka don kasuwa suke yi ba. Hannu ne yake son abin yi yayin da kai ke hutawa. Kuma wanda ke ƙona data ta awa uku kullum a kan bidiyo, idan ya lissafa ta wata guda, zai ga ta sayi kwalin 24 har da canji.

A hankali ake tarawa

Kayan farawa ke nan: kwalin fensir ɗaya na tsakiya, abin fiƙewa na ƙarfe, magogi, farin kwali da aka yanka, da zane biyar ko shida. A yi wata guda da su kafin a ƙara komai. Mai son yin arha fiye da haka ya jira cinkoson komawa makaranta ya wuce, ko su haɗu su uku ko huɗu su sayi rim ɗin takarda mai kauri a farashin sari su raba.

Ajiya ma kuɗi ce. Kada a bar fensir a mota ko kusa da taga, domin zafi yana tausasa kakin. A cire su daga kwalin takarda da ke yagewa a sa a jaka mai zif ko tsohon gwangwanin alewa da aka shimfiɗa wa ƙyalle, don kada su riƙa karo da juna. A gidan da ke da yara, a saya musu nasu mai arha tun da wuri, in ba haka ba naka ne zai tafi makaranta ranar Litinin.

Bayan 'yan watanni za ka ga fensir uku ko huɗu sun gajarce, sauran suna nan kusan sababbi. Yawanci kore ne da shuɗi da wani ja. Su ne launukanka, kuma a kansu kaɗai ya kamata ƙarin kuɗi ya tafi. Manyan kamfanoni suna sayar da nasu ɗaya-ɗaya, kuma shagunan kayan zane a Legas da Abuja suna aikowa ta mota. Guntayen da suka rage kuwa ba a zubar da su: a cusa gindinsu a cikin murfin tsohuwar maka ko a nannaɗe da takarda a ɗaure da salatif, za su ƙara cika wasu shafukan.